Kwasa-kwasan Zaɓi a Sashen Tattalin Arziki: Wanne Zan Ɗauka?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen Tattalin Arziki a wata jami'ar tarayya. Lissafi na ba ni wuya, ƙawayena kuma sun ce in cike kwasa-kwasan zaɓi da masu sauƙi don makina ya tashi. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: 'Yata, kada ki guje wa lissafi, domin yana nan yana jiranki a gaba. A yawancin jami'o'in Najeriya, aji uku ake fara ikonometiris, wato gwada ka'idojin tattalin arziki da alƙaluma, kuma kwas ne na dole. A kan rassan lissafi uku ya tsaya: kalkulas, aljabara ta matiris, da ƙididdiga. Wadda ta lallaɓa ta wuce su a aji biyu, nan take cijewa.

Don haka idan akwai ƙarin kwas na ƙididdiga a jerin zaɓinku, shi za ki fara ɗauka, sai na kwamfuta. Ki iya Excel sosai, sannan ɗaya daga cikin manhajojin nazarin alƙaluma, EViews, Stata ko R; shi R kyauta ne. Ki sauke alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ki zana su wata bayan wata da hannunki. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibar da ta biya wani ya yi mata lissafin kundin kammalawa, ranar kare kundin a nuna mata lamba ɗaya a jadawali ta rasa ta cewa.

Ragowar gurbin, ki duba inda kika dosa. Aikin banki yana son kwas ɗin akanta da na harkar kuɗi da bankuna. Aikin gwamnati, kwas ɗin haraji da kasafin kuɗi. Bankin Musulunci ma fage ne, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012.

Batun maki kuwa, da yawan yunit, wato nauyin kwas, ake auna shi. Kwas mai yunit 3, A tana ba ki maki 15, C tana ba ki 9, F kuwa babu ko ɗaya, ga maimaici da zai cinye miki gurbi a baɗi. Saboda haka kada ki tara masu nauyin lissafi fiye da biyu a zango ɗaya idan tsarin ya ba ki dama. Kafin ki yi rajista, ki kai wa malamin da ke kula da ajinku fom ɗin, ya duba wane kwas ne sharaɗin shiga wani.