Hoton titi ko garin 3D: wanne zai kai ka ƙofar da kake nema?

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: "Malam, a Google Maps ina ganin abu biyu, akwai wanda kamar ina tafiya a kan titi da ƙafata, akwai kuma wanda gine-gine suke tasowa ina juya su daga sama. Menene bambancinsu, wanne ya fi?"

To ɗan'uwa, ai tun daga yadda ake yin su suka raba hanya. Na farkon shi ne Street View, wato hoton titi, hoto ne na gaske, mota ce ake ɗora wa kyamarori a rufinta suna kallon ko'ina a lokaci guda, tana tafiya tana ɗauka, ga GPS yana rubuta inda aka ɗauki kowanne, daga baya kwamfuta ta ɗinke su su zama zagaye guda. Google ta fara shi a watan Mayun 2007 da birane biyar kacal na Amurka, wato San Faransisko, Niyok, Las Vegas, Mayami da Denba. Inda mota ba ta shiga kuwa mutum ne ke goya kyamarar a baya ya taka da ƙafa. Apple ma ta fito da nata a 2019, Look Around.

Na biyun, wato 3D, ba hoto ba ne zalla, gini ne da kwamfuta ta ƙera sannan ta lulluɓe shi da hoto. Gwada wannan yanzu: miƙa yatsanka gaban fuskarka, rufe idon dama ka duba, sai ka buɗe shi ka rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle amma bangon da ke nesa bai wani motsa ba? Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwarka take gane kusa da nesa. Haka jirgin sama yake bi ta kan gari yana dawowa yana sake bi, kyamarorinsa wata na kallon ƙasa sak wasu a karkace, sai ya zama rufin gida ɗaya an ɗauke shi ta ɓangarori da dama, daga nan kwamfuta ta lissafo tsayinsa da faɗinsa. Da can hannu ake sawa, mutane ne suke zana gidaje ɗaya bayan ɗaya da manhajar SketchUp su tura Google Earth, sai a 2012 Google ta koma wannan dabara ta jirgi, a shekarar ce kuma Apple ta fito da nata 3D ɗin mai suna Flyover bayan ta sayi wani kamfanin Suwidin mai suna C3 Technologies.

Batun wanne ya fi kuma, ni dai ba na ɓoye ra'ayina, in wuri za ka je hoton titi ya fi maka nesa ba kusa ba. 3D yana burge ido ba ƙarya, kuma in kana so ka gane yadda unguwa take a shimfiɗe, ina tudu ina gangare, wane gini ne ya tare wanne, ta ina gada ta haye, babu kamarsa. Amma kai ba tsuntsu ba ne, ta ƙasa za ka iso. Akwai ranar da nake neman wani ofis a cikin dogon gini, na juya 3D ɗinsa gaba da baya har na haddace rufinsa, amma ƙofa fa ban san ta ina take ba. Ina buɗe hoton titi na matsa gaba taku uku sai ga wani ɗan allo shuɗi a jikin ginshiƙi da kibiya tana nuna lungu, da na isa wajen kuwa idona kan allon nan ya fara sauka, ko tambaya ban yi ba.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce ta duba layinsu ta ga wata mota da aka daɗe da rabuwa da ita a ƙofar gida, shin abin ba kai tsaye yake nunawa ba?

A'a malama, babu ɗaya a cikinsu da yake kai tsaye, kuma wannan ruɗanin yana damuna sosai don na sha ganin mutum ya gina shawara a kan hoton da ya yi shekaru. Motar ta wuce sau ɗaya ta ɗauka ta yi gaba, wani titin sai bayan shekara da shekaru take komawa. Don haka kafin ki yarda da abin da kika gani ki nemi kwanan watan, Street View yana rubuta wata da shekarar da aka ɗauka, a kwamfuta yana can ƙasan allo da ƙananan haruffa. Inda aka bi fiye da sau ɗaya za ki ga See more dates, ki taɓa ki koma baya ki ga yadda wurin yake a da, tun 2014 aka sa wannan a kwamfuta, waya kuma sai 2022. A nan ma hoton titi ya fi 3D sauƙin sha'ani, don shi kwanan watansa a fili yake.

"Me ya sa in na zuƙo 3D sosai sai motoci da bishiyoyi su zama kamar kyandir ya narke, wayata kuma ta ɗau zafi tana maƙalewa? Ko wayar ce ta lalace?"

Lafiyar wayarka ƙalau. Jirgi daga sama yake gani, abin da ke ƙarƙashin bishiya ko rumfa ko gada bai gan shi ba, kwamfuta kuma ba ta barin rami, sai ta ja abin da ke gefe ta toshe, shi ya sa kake ganin bishiya ta haɗe da ƙasa kamar dunƙulen laka. Siraran abubuwa irin turakun lantarki da wayoyinsu su ma ba sa fita da kyau, gilashi da ruwa kuma ƙyallinsu na canzawa daga hoto zuwa hoto sai lissafin ya rikice, mota mai tafiya kuwa a wannan hoton tana nan a na gaba ta bar wajen. An yi shi ne don kallon nesa.

Zafin kuma aiki ne ya yi wa wayar yawa. Kowane gini ƙananan kusurwa-uku ne bila adadin aka harhaɗa, duk juyin da ka yi da yatsa sai wayar ta sake zana su daga farko, kamar dai gem mai nauyi, ga data yana tafiya ga batir yana sauka. In wayar ba mai ƙarfi ba ce ka kashe 3D a wajen zaɓin nau'in taswira, ka bar ta shimfiɗe.

Wani bawan Allah ya ce gidansa ya fito sarai a hoton titi kuma hankalinsa bai kwanta ba.

Damuwarka a kan hanya take, ba kai kaɗai ba ne. Tun 2008 Google take dusashe fuskokin mutane da lambobin mota da kanta, kodayake na'ura ce wani lokacin takan tsallake. A Jamus da za a fara a 2010 gidaje sama da dubu 240 ne suka ce a dusashe nasu. Kai ma kana da wannan damar, buɗe hoton gidan ka nemi Report a problem ka saita akwatin da zai bayyana a kan gidan ka tura. Sai dai ka yi tunani da kyau tukuna, don in an dusashe ba a mayarwa, ko ka sayar da gidan haka sabon mai shi zai gaje shi. Sannan ka sani wannan hoton titi kawai ya shafa, rufinka da tsakar gidanka suna nan a hoton sama, kuma in ka lura motar kusan abin da mai wucewa zai gani take ɗauka, jirgi ne yake leƙa bayan katanga.

Tambayar ƙarshe gajeriya ce: "Titinmu babu shi a ko ɗaya, me za mu yi?"

3D dai ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai jirgi da izinin hukuma, shi ya sa ya fi yawa a manyan birane. Amma hoton titi kuna iya yi da kanku. Akwai Mapillary, wanda aka kafa a Suwidin a 2013 Facebook ta saye shi a 2020, ka sauke manhajar ka maƙala wayarka a gilashin gaban mota, ka goge gilashin tas, ka bi layin a hankali da rana, ita za ta riƙa ɗauka da kanta tana dusashe fuskoki bayan ka ɗora. Masu gyara taswirar OpenStreetMap suna amfani da irin waɗannan hotunan wajen saka tituna da alamomin hanya. Ka dai bari sai ka samu Wi-Fi kafin ka ɗora, hotunan suna da nauyi.