Zan Koma Ƙauye In Ci Daga Gonata: Doguwa Ko Bunkure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bana na yi ritaya daga aikin gwamnati. Ina so in sayar da gidana na birni, in koma karkara da iyali mu noma abin da za mu ci, mu ɗan yi kiwo. An yi mini tayin gona a Doguwa, wata kuma a Bunkure. Wacce ta fi?
— Mai ritaya, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a hutun. Amma don Allah kada ka je duba gona a watan Agusta, domin da damina kowace ƙasa amarya ce. Bari sai Afrilu, bazara ta kankama, ka kwana a garin, da asuba ka leƙa rijiya. Gaba nawa ce? Guga na fitowa cike, ko mata na zaune suna jiran ruwa ya taru? Wanda zai riƙe iyali da awaki da ɗan lambun bayan gida, ruwan rani ne jarinsa.

Ta nan Bunkure ta yi zarra, don tana cikin shirin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tare da Kura da Garun Malam. Sai dai ba kowace gona ce ruwan ke kaiwa ba. In dillali ya ce maka "ai ruwa na zuwa har nan", ka taka da ƙafarka daga bakin kanal zuwa gonar. Kuma kada tumatir ya ruɗe ka. Waɗanda suka zuba komai a kansa sun ji jiki a 2016 da tsutsar sharon ta cinye gonaki. Kai rumbu kake son cikawa: dawa, masara, wake, ɗan shinkafa.

Doguwa kuwa can ƙarshen kudancin jihar take, ruwan sama ya fi yawa, masara na yi sosai. Abin da zan sa a gaba shi ne nisa da birni da kuma maƙwabtaka da dajin Falgore. Ka tambayi direbobin tasha ƙarfe nawa suke daina bin hanyar, sun fi dillali faɗin gaskiya. A shekarunka kuma, ka auna tsakaninka da asibiti in ciwo ya tashi da tsakar dare.

Sai maganar ƙasa, inda mutanen birni suka fi faɗawa. Yawancin gonakin ƙauye na gado ne. Ɗa ɗaya ya sayar, 'yan'uwa su taso bayan shekara biyu. Ka nemi duk magada su sa hannu a gaban dagaci, sannan ka karɓi takardar ƙaramar hukuma, wadda dokar mallakar filaye ta 1978 ta ba ikon filayen karkara. Ka tambaya ko burtali ya ratsa. Kawuna ya sayi gona da arha, ashe hanyar shanu ce, kaka uku yana zuwa gaban mai unguwa kafin ya haƙura. In kuma maƙwabta suka ce ciyawar wuta-wuta ta yi yawa a wurin, ƙasar ta gaji, taki za ta ci ba kaɗan ba.

Ni dai da Bunkure zan fara, amma gidan Gyaɗi-Gyaɗi kada a taɓa shi tukuna. Sa 'yan haya a ciki, ka karɓi gona haya ta shekara ɗaya, damina da rani. Hajiya ma a je da ita duba rijiyar nan, tunda ita za ta yi girki da ruwan.