Ƙwaron da ya shigo tawagata ban kama shi ba: mene ne Shedinja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga Pokémon Emerald. Na kama wani ɗan ƙwaro mai suna Nincada a ciyawar da ke gabas da garin Rustboro, na sha wahalar renonsa har ya kai mataki na 20 ya rikiɗa ya zama Ninjask. Da na duba tawagata sai na tarar da baƙo a gurbin da babu kowa, wai shi Shedinja, ni kuwa ban jefa masa ƙwallo ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ransa 1 ne tak. Gem ɗin ne ya lalace? In riƙe shi ko in sake shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, gem ɗinka lafiyarsa ƙalau. Da gangan kamfanin Game Freak ya tsara abin haka tun a Pokémon Ruby da Sapphire, waɗanda suka fito a Japan a 2002 a kan na'urar Game Boy Advance, kuma Emerald na 2004 ya gaji tsarin. Sharaɗin ɗaya ne a gem ɗin da ke hannunka: in Nincada ya rikiɗa alhali tawagarka ba ta cika shida ba, Shedinja zai zauna a gurbin da ya rage. Da a ce tawagar a cike take ranar, da ka wuce ba ka ma san da shi ba, kuma haka ya faru da mutane da yawa.

Kafin mu zo kan ko yana da amfani, bari in faɗa maka ko mene ne shi, domin duk abin mamakin da ke tattare da shi daga nan ya samo asali. Shedinja saɓa ce. Kamar yadda maciji ke yin saɓa ya bar tsohuwar fatarsa a gindin dutse ya wuce, haka Ninjask ya fice daga jikin Nincada ya bar ƙwanso. Bambancin kawai shi ne wannan ƙwanson ya tashi ya bi ka.

Ƙwaron da aka kwaikwaya a nan shi ne wanda Japanawa ke kira semi, mai kuka a kan bishiyoyi lokacin bazararsu. Kukansa ya fi na gyare ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba dangin gyare ba ne. Ɗansa yana shafe shekaru a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar ruwan saiwar bishiya. A gabashin Amurka akwai irin da ke yin shekara 13, akwai mai yin 17, kafin ya ga hasken rana. Ran da lokacinsa ya yi sai ya tono ƙasa ya fito, galibi da magariba, ya hau bishiya ya kafa farata. Bayansa ya tsage, babban ƙwaro mai fukafukai ya zare jikinsa ta wannan tsagar, ya jira fukafukan su bushe, ya tashi. Ƙwanson kuwa yana nan maƙale a jikin bishiyar, da ƙafafunsa da gurbin idanunsa da komai, sai ka rantse mai rai ne har sai ka ɗauka ka ji ba nauyi. Yaran Japan na tsintar su da hutun bazara suna tarawa. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro Pokémon, shi ma da farautar ƙwari ya tashi a Machida, gefen Tokyo, kuma daga wannan sha'awar tunanin kama halittu a tara ya samo tushe.

Yanzu dubi ukun nan da wannan idon. Nincada, lamba 290 a Pokédex, wato kundin bayanan Pokémon, ƙwaro ne kuma na ƙasa, fari fat, kusan makaho, mai faratan tono. Ninjask, lamba 291, ƙwaro ne mai tashi, saurinsa na asali 160, ga baiwar Speed Boost da ke ƙara masa gudu a ƙarshen kowane zagaye. Shedinja, lamba 292, ƙwaro ne kuma fatalwa. Tsayinsa ɗaya da na Ninjask, mita 0.8, amma Ninjask kilo 12 ne, shi kuwa kilo 1.2. Kashi ɗaya cikin goma ke nan, daidai da abin da ba komai a cikinsa. Ba namiji ba ne, ba mace ba. Pokédex ya ce ba ya numfashi, kuma yana shawagi ba tare da kaɗa fukafuki ba.

Sunansa na Japananci, Nukenin, ya fi na Turanci armashi. Kalmar tana nufin ninja da ya gudu daga ƙungiyarsa, kuma tana tuna wa mai ji nukegara, wato ƙwanson da aka fice aka bari. A tatsuniyoyin ninja akwai dabarar da ake kira utsusemi, wadda asalin ma'anarta ƙwanson semi ne: ka kai wa mutum sara, sai ka tarar rigarsa ka sara, shi ya daɗe da ɓacewa. Wani abu da nake so a zanensa shi ne ramin da ke bayansa, inda Ninjask ya fita. A Hoenn, yankin da labarin Emerald ke gudana, ana camfin cewa wanda ya leƙa ramin, Shedinja zai sace masa kurwa. To, a fagen faɗa ta baya kake ganin Pokémon ɗinka. Duk sanda ka tura shi, ramin nan kake kallo. Ban yarda haɗari ne ya sa haka ba.

Mu dawo kan rai 1. Ba zai ƙaru ba ko ka kai shi mataki na 100, ko ka ɗura masa duk HP Up, maganin ƙara rai, da ke kantin Lilycove, don haka kada ka ɓata kuɗinka. Abin da aka ba shi a madadin rai shi ne baiwar Wonder Guard, kuma shi kaɗai ke da ita a halitta. Ma'anarta: duk harin da ba ya cikin waɗanda suka fi ƙarfin nau'insa, ba ya taɓa shi sam. Ba rage zafin harin ake yi ba, harin ne ba ya shiga. Kamar ɗan tauri ne, wuƙa ta lanƙwashe a cikinsa. A Emerald nau'o'i 17 ne, kuma biyar kaɗai ke cin Shedinja: wuta, dutse, masu tashi, fatalwa da duhu. Ruwa, lantarki, ƙanƙara, ciyawa, ƙasa, dambe, ƙarfe da sauransu duk a banza. Ko Kyogre, ƙaton Pokémon ɗin ruwa, ya turo Hydro Pump, Shedinja ko gezau.

Sai dai kowane tauri da makarinsa, kuma na Shedinja suna da yawa fiye da yadda sabon ɗan wasa ke zato. Wonder Guard hari na kai tsaye kawai yake tarewa. Guba ta kama shi, ya faɗi a ƙarshen zagayen. Ƙuna haka. Leech Seed, mai tsotsar rai, haka. Guguwar yashi irin ta hamadar Route 111, ko ruwan ƙanƙara na Hail, zagaye ɗaya sun gama da shi. In abokin karawa ya watsa Spikes, wato ƙayoyi a ƙasa, shigowarsa fili ita ce fitarsa. In aka ruɗa shi da Confuse Ray ya doki kansa, shi ke nan. Har Struggle, bugun da Pokémon ke yi in dabarunsa sun ƙare, yana ratsa shi, domin ba shi da nau'i.

Ga wani abu da ya kamata ka lura da shi game da yankin Hoenn: kowane ɗaya daga cikin makarai biyar ɗin nan yana da gwaninsa a hanyarka. Roxanne ta Rustboro dutse, Flannery ta Lavaridge wuta, Winona ta Fortree masu tashi, sannan a Elite Four, gwanaye huɗun da ake karawa da su kafin zakara, ga Sidney da duhu, ga Phoebe da fatalwa. Duk waɗannan ka bar Shedinja a benci. Glacia ma, ko da yake ƙanƙara ba ta cinsa, tana kiran Hail. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne Norman na Petalburg. Sai ka ce ai nau'in gama-gari ne, ba ya taɓa fatalwa, ka tura Shedinja da ƙarfin gwiwa. Ashe Vigoroth da Slaking ɗinsa na ɗauke da Faint Attack, wanda harin duhu ne, kuma ba ya kuskure.

To ina amfaninsa? A wurin masu ruwa, kuma Emerald cike yake da su, tun da kusan rabin taswirar teku ne. Babban misali shi ne Wallace, zakaran da za ka kara da shi a ƙarshe. Cikin Pokémon shida da yake da su, Wailord da Whiscash da Gyarados ba su da ko dabara ɗaya da ke ratsa Wonder Guard. Gyarados zai yi ta Dragon Dance yana ƙara ƙarfi, ya yi ta Earthquake da Hyper Beam, kai kana zaune kana sassaƙarsa. Amma da ka ga Tentacruel ko Milotic, janye shi, suna da Toxic. Ludicolo kuma yana da Leech Seed. Rabin tawagar zakara da ƙwanso mai rai 1, ai ba ƙaramin abu ba ne. Wannan dabarar ce ta sa 'yan gasar duniya suka riƙa ɗauko shi a shekarun da aka halatta manyan Pokémon irin su Kyogre da Xerneas, domin sau da yawa waɗannan ƙattin ba sa zuwa da abin da ke cinsa.

Ra'ayina ke nan: ka riƙe shi, amma kada ka mai da shi jagoran tawaga. Shedinja ba na mai shiga faɗa da ka ba ne. Sai ka san dabaru huɗun da ke hannun abokin karawarka kafin ka tura shi, in ba haka ba caca kake yi. Ni a wurina wannan ne daɗinsa, domin yana tilasta maka ka koyi gem ɗin da gaske, ka daina dogaro da mataki mai yawa.

Game da abin da za ka koya masa, ƙarfin bugunsa na asali 90 ne, wanda ba laifi, saurinsa kuwa 40, wanda laifi ne. A Emerald harin fatalwa da na ƙwaro duk da ƙarfin jiki ake lissafa su, don haka Shadow Ball, wato TM30 da ke cikin Mt. Pyre, ya dace da shi ƙwarai. Ka ba shi Lum Berry ya riƙe, zai warkar da guba ko ƙuna sau ɗaya kafin su yi aikinsu. Focus Sash, wanda ke ba shi damar shanye bugu ɗaya, sai a Diamond da Pearl na 2006 ya zo, haka Safety Goggles mai kare shi daga yashi da ƙanƙara sai a X da Y na 2013. A Emerald ba ka da su.

Akwai kuma wata dabara da ta riga ta wuce ka a wannan Nincada ɗin, amma Route 116, inda ka kama shi, na nan, kana iya kama wani. A Emerald, Shedinja na gadar dabarun da Ninjask ke da su a daidai lokacin rikiɗa, har da wadda ya koya a wannan matakin. Ninjask na koyon Swords Dance, dabarar ƙara ƙarfin bugu, a mataki na 25. Saboda haka in ka riƙa danna B kana hana Nincada rikiɗa daga 20 har zuwa 25, sannan ka ƙyale shi, za ka samu Shedinja mai Swords Dance, dabarar da ba ya koya da kansa a gem ɗin. Ka yi tunanin abin da hakan ke nufi a gaban Whiscash ɗin Wallace: ka yi ta sau uku a natse, ƙarfinka ya ninka sau huɗu, ba mai taɓa ka. Renon zai ɗan ja lokaci, domin dangin Nincada na cikin masu jinkirin hawa a ƙananan matakai, sai can sama suke sauri.

In kuma wata rana ka koma gem ɗin da suka biyo baya, daga Diamond da Pearl zuwa sama, gurbi kaɗai bai isa ba. Dole ka kasance da Poké Ball na gama-gari, ja da farin nan, aƙalla guda ɗaya a jakarka lokacin da Nincada zai rikiɗa. Great Ball ko Ultra Ball ba sa maye gurbinsa, kuma gem ɗin zai cire ƙwallon daga jakar ya sa Shedinja a ciki.