Niƙan kalmar sirri ba ya son gaggawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa wata makarantar sakandare shafin duba sakamako da PHP da MySQL. Na sa bcrypt don niƙa kalmomin sirri, amma duk wanda ya yi rajista, in ya dawo shiga sai shafin ya ce kalmar sirrinsa ba daidai ba ce. Ga shi kuma yana ɗan jan ƙafa. Abokina ya ce ko in koma SHA-256, wata hanyar niƙa mai sauri, ko in ƙara kuɗi in kama babbar sabar. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar aljihunka ya huta tukuna. Buɗe teburin da kake ajiye masu rajista ka ƙirga haruffan abin da ke gurbin kalmar sirri. Abin da bcrypt ke fitarwa in ya niƙa kalmar sirri, wato ya mayar da ita rubutun da ba a iya juya shi baya, haruffa 60 ne cif, kuma a PHP yakan fara da $2y$. In ka ga 50, ka kama ɓarawon: gurbinka VARCHAR(50) ne, mai ɗaukar haruffa 50 kacal, kuma MySQL ɗin da ba a kunna masa tsauraran saiti ba yakan datse wutsiyar ya yi shiru abinsa. Mayar da gurbin 255, yadda littafin jagoran PHP ya ba da shawara. Waɗanda aka riga aka datse nasu kuwa mafi sauƙi su sake sabuwar kalma.

In kuma 60 ɗin sun cika, ina zargin kana sake niƙa kalmar da mutum ya rubuta ne kana kwatantawa da ==. Ba za su taɓa zama ɗaya ba, domin a kowane niƙa bcrypt na zuba sabon gishiri, wato wasu haruffan kan-mai-uwa-da-wabi da yake cuɗawa da kalmar. Yi amfani da password_verify, wanda PHP ya tanada don wannan kwatantawa.

Maganar abokinka kuma, da niyya mai kyau ya yi ta, amma kada ka bi. Saurin SHA-256 shi ne aibinsa a wannan aiki. Ranar da aka sace rumbun bayananka, ɓarawon zai zauna da katin zane na kwamfuta yana gwada kalmomi biliyoyi cikin daƙiƙa. A 2012 kalmomin sirri na LinkedIn kusan miliyan 6.5 suka fita, an niƙa su da SHA-1 ba gishiri, aka yi ta fasa su kamar gyaɗa. Niels Provos da David Mazières da gangan suka sa bcrypt nauyi tun 1999. Lambar da ke bayan $2y$ ita ce nauyin: ƙara ɗaya, aiki ya ninka. PHP ya daɗe a kan 10, a 8.4 ya koma 12. Auna a sabar da kake da ita. Ɗalibi ba zai ji jinkirin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Sai ka gwada irin cunkoson ranar fitar sakamako ka ga ta gaza, sannan mu yi maganar sayen wata.

Tambaya: Malam, ina aiki da Python. Bayan na sabunta laburare, passlib, laburaren da nake niƙan kalmar sirri da shi, ya fara ƙorafin wai bcrypt ba shi da __about__. In koma tsohon bcrypt ne?

Amsa: Komawar za ta kashe ƙorafin yau, amma faci ne. Fitowar passlib 1.7.4 tun 2020 ce, bcrypt kuwa ya yi gaba ya cire wannan suna. In sabon aiki ne, ɗauki laburaren argon2-cffi ki yi amfani da Argon2id, wani nau'in hanyar niƙa ta Argon2. Argon2 ne ya ci gasar niƙan kalmar sirri a 2015, kuma yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, abin da ke wahalar da masu katin zane. In kina da tsofaffin masu shiga, tantance su da bcrypt kai tsaye, duk wanda ya shiga daidai ki sake niƙa tasa da sabon.

Ki lura da wani abu da ya shafe mu. Iyakar bcrypt bayit 72 ce, ba haruffa 72 ba, kuma a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, kowace ƙ, ɗ ko ɓ bayit biyu take ci. Mai rubuta doguwar karin magana a matsayin kalmar sirri zai iso iyakar tun kafin ya zata.