Allurar PRP don zubewar gashi: amsoshin tambayoyinku

Likita, shekarata 34, sanƙo ya fara cin gaban kaina. Na ga ana tallan allurar PRP a Facebook, wai da jinin mutum ake yin ta. Tana da illa? Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Malam, da jininka ake yi, gaskiya ne. Ana ɗibar mililita 10 zuwa 60 daga jijiyar hannu, a sa a na'urar da ke juya shi da gudu na kusan minti 10 zuwa 15. Jajayen ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. A cikinsa ne ake samun ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan mutum ya yanke, waɗanda muke kira filatilet, kuma suna ɗauke da sinadaran da ke zaburar da saiwar gashi. Wannan ruwan ake tsittsira wa fatar kai da siririyar allura, tazarar kusan santimita ɗaya tsakanin kowane huji. Galibi sau uku ake yi, wata ɗaya tsakani, sannan a riƙa maimaitawa duk bayan wata huɗu zuwa shida.

Da yake jinin naka ne, da wuya jiki ya ƙi shi. Abin da za ka ji shi ne zafi, domin huji ne da yawa a fata mai jijiyoyi, sai ja, ƙaiƙayi, ciwon kai, wani lokaci da ɗan kumburi da ke gangarowa goshi washegari. Duk suna wucewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wasu kuma gashinsu ya ɗan ƙara zuba a makonnin farko kafin ya daidaita. Farasitamol ya isa. Ka guji ibuprofen da diclofenac, domin suna rage ƙarfin filatilet ɗin da ka biya kuɗi aka tace. Kada ka wanke kai sai washegari, rini kuma ka ba shi kwana uku. Amma zafin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, ko mugunya, ko zazzaɓi, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga, ka koma asibiti a ranar.

Kada kuma a cika maka baki. PRP kamar taki take: tana farfaɗo da shukar da ta yi yaushi, ba ta tsirar da komai inda babu iri. Wurin da ya yi sulɓi shekara da shekaru ba zai dawo ba. Sai an yi wata uku zuwa shida ake gane ko ta karɓe ka, kuma ba kowa take karɓa ba. Minoxidil na shafawa da finasteride na sha sun fi ta hujja mai ƙarfi, sun kuma fi araha, don haka ni da su zan ce a fara, bayan likita ya duba ka.

Akwai shagon gyaran jiki da ke yin ta da rahusa. In je?

Kada ka je. Babban haɗarin wannan allura yana hannun mai yin ta. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa mata uku sun kamu da cutar ƙanjamau bayan an yi musu PRP ta fuska a wani shago marar lasisi a jihar New Mexico, inda aka tarar da kwalaben jini babu suna da allurai a buɗe. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yi yawa a ƙasarmu, tana rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini.

Likita mai rajista ne zai yi, a asibiti. A ɓare allura da sirinji a gabanka, a rubuta sunanka a kwalba kafin a ɗebi jinin, kuma kwalbar kada ta ɓace wa idonka. Idan an haɗa jinin mutum biyu ko uku a na'ura lokaci guda ba tare da suna ba, tashi ka tafi.

Wata huɗu da haihuwata, gashina na cika matajin kai, gefen goshina kuma ya zube. PRP za ta yi mini? Daga Daura.

'Yar'uwa, Allah ya raya. Ba ki buƙatar ta, kuma ba ma yi wa mai ciki ko mai shayarwa. Zubewar bayan haihuwa takan tsaya da kanta kafin yaro ya cika shekara. A auna miki jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe yana tsawaita ta. Gefen goshi kuwa yawanci ɗaurin kitso ne. A sassauta, a rage ƙari mai nauyi. Idan kitso ya hana ki barci a daren farko, a tsefe shi. In aka daɗe ana ja, saiwar takan mutu, babu allurar da za ta dawo da ita.

Ina shan asfirin kullum saboda zuciya, kuma jikina yana yin tabo mai tudu. Zan iya?

Alhaji, kada ka ajiye asfirin saboda gashi. Tasirinsa a kan filatilet yana kai kwana 7 zuwa 10, shi ya sa wasu ke cewa a dakatar da shi, amma wannan hukuncin likitan zuciyarka ne kaɗai. Haka mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Tabo mai tudu ma dalili ne na taka-tsantsan, musamman in kana da irin ƙurajen ƙeya da ke tasowa bayan aski.

Ba a yi wa mai sankarar jini, ko mai tsananin ciwon hanta, ko mai makero ko ƙuraje a kai har sai sun warke. Mai sikila ya fara ganin likitan jini. Zazzaɓin cizon sauro ma yana karya adadin filatilet, don haka wanda ya tashi daga shi ya jira ya murmure. Kafin komai a yi cikakken gwajin jini, ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Lafiyayyen adadin filatilet shi ne 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita, in ya gaza haka a ɗaga allurar a nemo dalili.