Amsa ga Kawu kan tabo-tabon da ke jikin kaɗanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, barkanku da yamma, ina gajiya, yaya aikin gona? Na saurari saƙonku, na kuma ga hoton kaɗanyar nan ta gonarku da ke hanyar Ribah, wadda kuka ce wasu tabo-tabo masu ruwan toka sun lulluɓe jikinta, ganyenta kuma yana ta raguwa, har kun yanke shawarar sa yara su kankare su da adda sannan a fesa magani. Ina roƙonku ku dakata da wannan aikin tukuna, domin abin da ke cikin hoton ba shi ne ke cin itaciyar ba.

Masana ilimin tsirrai suna kiransa laikin. Wanda ya gan shi zai ce gansakuka ce, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, saboda halittu biyu ne suka haɗu suka zama jiki ɗaya: naman gwari, wato dangin naman kaza, da kuma ƙananan ƙwayoyin gansakuka waɗanda ido ba ya iya gani. Naman gwarin shi ne ke gina jikin, ya manne wa ɓawo, ya riƙe danshi, ita kuma gansakukar tana zaune a ciki tana haɗa abinci da hasken rana kamar yadda kowane koren ganye ke yi, su ci tare. Wani masani ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Simon Schwendener ne ya fara bayyana haka a shekarar 1867, kuma manyan masana na zamaninsa sun daɗe suna musa masa kafin maganarsa ta tabbata. A yau an san kimanin iri 20,000 a duniya.

Abin da ya fi shafarku, Kawu, shi ne ba shi da saiwa. Ruwansa daga sama da raɓa yake samu, sauran abin da yake buƙata kuma daga ƙurar da iska ke kawowa, saboda haka itaciya a wurinsa mazauni ce kawai. Shi ya sa za ku ga danginsa a kan duwatsun Zuru, inda babu abin tsotsa. In kuna son ku tabbatar, ku sa farce ku ɗaga gefen guda ɗaya daga cikin masu kama da ganye, za ku tarar ƙarƙashinsa baƙi ne ko ruwan ƙasa, da wasu 'yan zarurruka da yake kama ɓawon da su, ɓawon kuma lafiyarsa lau.

Na san abin da za ku ce, cewa itaciyar da ta fi rauni ita ce ta fi yawan tabon. Haka ne, amma raunin ne ya riga zuwa. Idan itaciya ta fara zubar da ganye, haske yakan samu hanyar isa jikinta, laikin kuwa haske yake nema, sai ya yaɗu. Don haka ku ɗaga kai ku duba rassan sama, domin abin da na fi zargi shi ne kauci. Kauci yana son kaɗanya da ɗorawa ƙwarai, tsuntsaye ne ke kawo irinsa mai danƙo su goga a reshe, shi kuma yana soka saiwarsa har cikin itacen yana shan ruwan da ya kamata ya isa ga ganye da 'ya'ya. Za ku gane shi da curin ganye dabam da na uwar, da jajayen furanni masu kama da tsinken ashana, da kumburi a wurin da ya kama. Maganinsa a sare reshen a ƙasa da kumburin. Ku kuma duba gindin ko gara ta shiga, ko wutar daji ta taɓa lasarsa a rani. Kankara da adda kuwa rauni za ta yi wa ɓawon, kuma ta irin wannan rauni ne ƙwari da ruɓa suke shiga.

Tunda kun tambayi yadda ake bambanta ire-iren laikin, siffar jiki ake fara dubawa. Akwai wanda ya manne ƙam kamar an shafa farar ƙasa, ba ya ɗaguwa sai da ɓawon, kuma shi ne ya fi yawa a wurare masu ƙarancin ruwa irin Argungu da Birnin Kebbi. Akwai mai reshe-reshe ko mai lilo kamar gemu, wanda sai wuri mai hazo da sanyi irin tsaunin Mambila ake samunsa da yawa. Naku na hoton mai kama da ganye ne, gefensa a tattare kamar bakin zane, kuma shi ne ya fi daɗin kallo. Idan kuka matso da kyamarar waya kusa, a kan wasu za ku ga 'yan ƙananan faifai kamar marufin ƙwarya, daga nan naman gwarin ke fitar da irinsa, a kan wasu kuma za ku ga gari-gari a bakin ganyen, wanda kowace ƙwayarsa tana ɗauke da halittun biyu, iska ta kai ta wata itaciya ta kafa sabon gida. Ku gwada wani abu da nake nuna wa ɗalibaina: ku yayyafa masa ruwa ku jira 'yan mintoci. Tokar nan za ta juye ta yi kore a gabanku, domin fatar sama idan ta jiƙa takan bari a hango gansakukar da ke ciki. Haka yake yi duk shekara, ya bushe ƙayau da hunturu kamar ya mutu, ruwan farko na sauka ya farfaɗo. Shekaru nake ganin wannan, amma har yau ba na gajiya da shi.

Kasancewarsa a gonarku ma labari ne mai daɗi. Tunda duk abin da yake ci daga iska yake, gurɓatacciyar iska takan kashe shi, musamman hayaƙi mai sinadarin farar wuta. Tun 1866 wani masani ɗan Finlan, William Nylander, ya lura cewa laikin ya kusa ƙarewa a birnin Paris in ban da wani babban lambu, ya kuma danganta haka da hayaƙin gari. Takardar litmus da yaranku ke gwada asid da ita a ɗakin gwaje-gwajen sakandare ma daga laikin ake samo launinta. Ga shi da jinkirin girma, da yawansu 'yan milimita kaɗan suke ƙaruwa a shekara, ta yadda tabo mai faɗin tafin hannu zai iya kai shekara 10 ko fiye, wataƙila ya girmi wasu daga cikin yaran da za a ba addar.

Idan Allah ya kai mu gobe, Kawu, ku sa a ɗauko mini hoton rassan sama, da na gindin daf da ƙasa, da na tabon bayan an yayyafa masa ruwa, a turo nan cikin zaure don sauran masu kaɗanya su ma su gani. A gaida Inna da yara. Wassalamu alaikum.