'Yan kwana-kwanan sa-kai na Mount Holly

Malam, ka tambaya ko da gaske akwai garuruwa a Amurka da masu kashe gobararsu ba sa karɓar albashi. Ƙwarai kuwa, kuma abin ya daɗe.

Dubi Mount Holly, ƙaramin gari a jihar New Jersey. A 1752, tun Ingila na mulkin ƙasar, mutanen garin suka kafa ƙungiyar kashe gobara mai suna Britannia, shekara 16 bayan wadda Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin jagororin 'yancin Amurka, ya kafa a birnin Filadelfiya. Kayan aikin zamanin gugan fata ne da tsani. In wuta ta tashi sai a yi layi daga bakin ruwa, ana miƙa guga daga hannu zuwa hannu.

Bayan samun 'yanci suka ajiye wancan sunan, yau Relief ake kiranta. Abin da ya fi burge ni, ƙungiyar na nan har yanzu.